DARASIN NOMAN RANI: IDAN FARFELAR INJIN BAN RUWA TA CIJE

Darasinmu na wannan karo a kan injin ban ruwa yake.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ja hankalin jama'a ga noman rani, garka ta zama gona ta biyu a ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela. Masu fili cikin fadamar Ƙonni suna samun ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan Majiya. Amma kai da ke Bazaga ko wani ƙauye nesa da magudanar ruwa, rijiya ce da inji. Ran da injin ya tsaya a watan Janairu, albasa tana ƙasa, ka san abin da ke gabanka.

A cikin tukunyar injin akwai farfela. Ita ke juyawa ta jawo ruwa ta tura shi cikin tiyo. Tana zaune a bakin sandar inji, wato ƙarfen nan da fistan ke juyawa. Bayanta akwai zobe mai hana ruwa bin sandar. Idan ka ga ruwa yana ɗiga tsakanin tukunya da inji, ko injin yana kuka amma ba ya jan ruwa, sau da yawa zoben ne ya mutu, ko rairayi ya cinye fukafukan farfela. Ba a kai wa ga zoben sai an cire farfela. To, a nan ne take cijewa.

Me ke kawo wannan? Ruwan da aka bari ciki. An gama girbin albasa a watan Afrilu, an jefa inji cikin zaure, damina ta wuce a kansa. Tsatsa ta shiga tsakanin farfela da sanda, ta haɗa su kamar ƙarfe guda.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su ɗauki guduma su dinga dukan bakin sandar. Kada ka yi haka. Sandar nan ba ta farfela kaɗai ba ce, ita ce ta ratsa injin duka. Dukan da ka yi mata yana sauka a kan boris da ke riƙe da ita. Bakinta kuma ya baje, farfela sabuwa ta ƙi shiga. Farfela da zobe ana samun su a Birnin Ƙonni. Sanda kuwa, sai an wargaza inji gaba ɗaya kafin a canza ta.

Ga yadda za ka yi.

Ka zuba fetur ɗin tanki a wani wuri, ka ajiye shi nesa. Ka kwance tukunya, ka goge laka da tsatsa. Sa'an nan ka duba tsakiyar farfela da kyau. A yawancin ƙananan injuna na tiyo mai inci 2 ko 3, irin su Honda da Robin da ƴan Sin masu kama da su, murɗa farfelar aka yi a kan sanda kamar noti. Ba a jan ta, kwance ta ake yi. Wasu kuma suna da ƙusa a tsakiya, sai an fara cire ta.

Ka ɗiga gazuwal ko kananzir a mahaɗin, ka ƙwanƙwasa cibiyar farfela a hankali don man ya ratsa. Ka bar shi ya kwana. Da safe ka ƙara. Mun san kwana ɗaya yana da tsada ga mai albasa. Gara ka ari injin maƙwabci na yini guda da ka karya naka.

Yanzu sai ka san gefen da za ka juya. Nan ne da yawa suke kuskure, suna ƙara ɗaure ta suna tsammani kwancewa suke yi. Ka cire buji, wanda wasu ke kira fulogi. Ka ja igiyar tayar da inji sannu sannu, idonka a kan farfela. Gefen da ka ga ta juya, can take kwancewa. An yi ta haka ne don nauyin ruwa ya riƙa ƙara ɗaure ta lokacin aiki. A injunan da muka ambata, idan kana fuskantar farfela, juyin kishiyar tafiyar hannun agogo ne.

Amma in ka juya ta, sanda za ta bi ta. Dole a tsayar da sanda. Ka toshe ramin buji da ɗan yatsa, ka ja igiya a hankali har ka ji iska tana tura yatsanka. Wannan alama ce fistan yana hawa kuma ƙofofin iska a rufe suke. Ka tsaya nan. Ka samu igiya mai taushi, mai tsabta, ka cusa ta cikin ramin, ka bar wutsiyarta a waje. Ka juya farfela da hannu har ta tsaya. Kada ka cusa ƙarfe a ramin nan, kada kuma ka soka wani abu cikin fankar bayan inji, fukafukanta ba su jure wa.

Ka ɗauki guntun icce mai tauri, irin aduwa ko ƙirya, ka ɗora shi a kan fiffike ɗaya inda ya fi kauri. Iccen za ka buga, ba ƙarfen ba. Bugu gajere mai kaifi ya fi dannawa da ƙarfi. Ka koma fiffike na gaba, ka sake.

In ta ƙi, sai zafi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Ka tafasa ruwa ka kwarara a kan cibiyar farfela, ka buga tun ba ta huce ba. In sai an sa wuta, wannan aikin makaniki ne, kuma ka sani roban zoben ba zai tsira ba. Irin mai ƙusa a tsakiya ma, in ta ƙi fita bayan an cire ƙusar, ka kai ta wurin mai ƙarfen jan farfela.

Da ta fita, ka juya sanda baya kaɗan, ka zare igiyarka. Ka lura da ƴan siraran zobba na ƙarfe da ke bayan farfela. Ka ƙidaya su, ka mayar da su yadda suke, su ke daidaita ratar da ke tsakaninta da tukunya. Sabon zoben tare ruwa, kada yatsa mai ƙasa ya taɓa fuskarsa mai santsi. Ka shafa giris kaɗan a bakin sanda kafin ka mayar da farfela. Ka cika tukunya da ruwa kafin ka tayar, domin zoben yana ƙonewa idan ya juya a bushe.

Ran da ka gama aikin bana, akwai ɗan murfi a ƙasan tukunya. Ka buɗe shi ruwa ya zube duka, ka wanke lakar da ruwa mai kyau, ka bar ta ta bushe. A cikin damina, duk wata ka ja igiya sau biyu ko uku don sandar ta motsa.