Doguwar Kwanciya da Zaizayewar Ƙashi: Abin da Gwajin Ɓeraye Ya Nuna

Ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: wasu suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo. Nauyin da ƙafa ke ɗauka wajen tsayuwa da tafiya shi ne ke zaburar da masu ginin. Idan mutum ya shafe watanni a kwance saboda shanyewar ɓarin jiki ko karaya, sai rushewa ta rinjayi gini, ƙashi ya yi rauni ba tare da wani ciwo ya nuna ba.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan a jikin dabbobi. Tun a shekarun 1970 masu bincike na hukumar NASA a Amurka suka ɓullo da dabarar ɗaga ƙafafun ɓera na baya domin kada su ɗauki nauyi. Cikin 'yan makonni ƙashin ƙafafun yakan sirance. Da aka bai wa irin waɗannan ɓeraye magungunan da ke dakushe masu rushe ƙashi, irin su alendronate, zaizayewar ta ragu sosai. Sai dai maganin birki ne kawai. Ba ya gina ƙashi yadda tafiya ke yi.

Ga inda ya kamata iyali su yi hattara. Ɓera ba mutum ba ne, kuma a gwaji ana auna masa magani daidai da nauyinsa. Ƙwayar alendronate tana da sharaɗi mai tsauri: a sha ta da safe kafin a ci komai, da ruwa kofi guda cike, sannan a zauna ko a tsaya a miƙe na aƙalla minti 30. Majinyacin da ba ya iya tashi zaune tana iya ƙona masa maƙoshi. Ba ta dace da mai juna biyu ba, haka ma mai ciwon ƙoda da ya yi tsanani. A ganina, wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za a saye ta a tiren mai talla ba, ko a Maraɗi ne ko a Jibiya. Likita ne zai duba majinyaci ya yanke hukunci.

Abin da ya fi damuna ma shi ne dexamethasone da prednisolone da ake sayarwa barkatai don ciwon gaɓoɓi, alhali yawan shansu na cinye ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

A gida kuwa, da zarar ma'aikacin lafiya ya ba da izini, a riƙa zaunar da majinyaci, a tsayar da shi ko da na ɗan lokaci ne, a fitar da shi ya sha hantsi. A ba shi nono, zogale da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya.