Shawara Ga Masu Lambu Kan Datse Rassa

Ya ku ma'abota lambu na Wurno da Goronyo, ku sani cewa ko da yake Allah Ya hore muku ruwan Gulbin Rima da na madatsar Goronyo, ni'imar nan ba za ta isar wa itace ba matuƙar mai shi yana ɗaga masa adda ba bisa ƙa'ida ba.

Asalin mas'alar kuwa shi ne mutum ya san reshen da ke haihuwa. Mangwaro yana fid da furensa ne cikin hunturu, a bakin rassan da suka riga suka ƙosa tun damina, saboda haka duk wanda ya sare su da kaka, yana zaton gyara yake yi, haƙiƙa 'ya'yan bazara ya zubar tun ba su zo ba. Lokacin da ya dace shi ne da zarar an gama tsinka, gab da saukar ruwa, sa'an nan a fitar da busasshe, da mai ciwo, da wanda ya kutsa tsakiya yana hana iska da rana, da wuƙa mai kaifi, a yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta a bakin raunin.

Zogale kuwa hukuncinsa daban ne, domin sabon toho ake nema gare shi: idan ya kai ƙugun mutum a datse kansa ba tare da shakka ba, sai ya yi rassa ƙasa ƙasa, inda mata da yara za su iya tsinkar ganye.