Darasin Kasuwanci: Yadda Falke Zai Tsare Ransa da Jarinsa a Kan Titi

IKKO: Duk falken da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa kasuwar Idumota ko ta Alaba, abu biyu yake tafe da su, wato jarinsa da ransa. Darasinmu na wannan mako ya shafi yadda zai koma gida da su duka.

Masanin tattalin arzikin nan ɗan Amurka, Gary Becker, ya yi bayani a 1968 cewa mai laifi ma lissafi yake yi irin na ɗan kasuwa: yakan auna abin da zai samu da haɗarin a kama shi. Saboda haka dabarar ita ce a rage wa ɓarawo riba, a kuma ƙara masa wahala.

Na farko, tsabar kuɗi. A 1995 takardar N50 ce mafi girma, don haka Naira miliyan ɗaya takardu 20,000 ce, wato bandir 200, kayan da ba ya ɓoyuwa. Fitowar N1,000 a 2005 ta mai da su bandir 10, sannan shirin rage hada-hada da tsabar kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya fara a Ikko a 2012 ya ƙarfafa biya ta banki. Wanda ya zame masa dole ya riƙe tsaba, sai ya rarraba ta a jikinsa, kada ya ƙirga a bainar jama'a, ya kuma riƙa sauya lokaci da hanyar zuwa banki.

Na biyu, wayar hannu. Yau ita ce lalitar ɗan kasuwa, domin wanda ya sami layinka yana iya kaiwa ga asusunka. A sa wa layi lambar sirri, a danna *#06# a rubuta lambar shaidar wayar a ajiye a gida. In an ƙwace ta, a fara da rufe asusun banki, sannan layi, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda.

Na uku, abin hawa. A Ikko da Abuja akwai miyagun da ake kira 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a gefen titi su yi masa fashi. A hau mota a tashar da aka sani, ko da kuɗinta ya fi. Araha a nan tarko ce.

Na huɗu, in an riga an tare ka. Sashe na 33(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da kare kai da dukiya, amma da ƙarfi gwargwadon buƙata. Duk da haka, wanda ya ga wuƙa ko bindiga kada ya yi gardama. Ya jefar da jakar gefe, ya nufi inda jama'a suke, ya kira lambar gaggawa ta 112. Kokawa sai ga wanda ake neman ransa kuma ba shi da mafita. In an kama ɓarawo, hannun hukuma za a miƙa shi. Dukan taron dangi laifi ne.

Jarin da ya salwanta ana iya sake tara shi a 'yan shekaru, amma iyalin da suka rasa mai nema musu abinci babu mai biyan su. In da rai, da rabo.