Wa zai yashe gotar Nima bayan masu tallafi sun tafi?

Aikina duba magudanan ruwa ne, kuma yawancinsa a kwarin kogin Odaw a Accra nake yi. Ruwan da ya sauka a Maamobi da Nima babbar gotar Nima yake bi, ya gangara Odaw wajen Circle, ya faɗa tafkin Korle, sannan ya isa teku. Duk abin da aka jefa daga sama, mutanen gangare ne suke kwana da shi.

Babu ɗan Zangon Accra da ya manta daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Bayan wannan musiba ne aka tsara shirin GARID, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 200 a 2019, ya ƙara miliyan 150 a 2023. A cikinsa akwai yashe Odaw, da gyaran magudanai, da kwashe bola, da gargaɗin ambaliya kafin ta iso, da gyaran unguwanni uku: Nima, Alogboshie da Akweteyman. Manufar mai kyau ce. Maimakon a jira ruwa ya ci gida sannan hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta kawo shinkafa da katifa, sai a kashe kuɗin tun kafin hadari ya haɗu.

Sai dai akwai abin da nake so 'yan'uwana su gane. Wannan kuɗi rance ne mai sauƙin sharaɗi, kuma Ghana ce za ta biya, wato mu da 'ya'yanmu. Don haka wanda ya tambayi inda aka kwana a aikin unguwarsu bai yi rashin kunya ba, haƙƙinsa ya nema. Ga kuma wani abu: da korona ta zo a 2020, an karkatar da wani kaso na kuɗin zuwa yaƙi da cutar. Ba na ganin laifin hakan, rai ake ceto. Amma ya nuna mana cewa wata masifar tana iya cinye tanadin da aka yi wa wata, alhali damina ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai a wurin aiki shi ne yashi. Injiniya yakan auna faɗin gota da zurfinta bisa yawan ruwan da ake tsammani. Idan yashi da ledar fiya wata suka cika rabinta, sauran ruwan ɗakunan mutane zai nufa, ko da jiya aka zuba kankaren. Na sha shiga gotar da aka gina da kyau, babu tsaga ko ɗaya, na tarar ciyawa ta tsiro a cikinta har gwiwa. Masu tallafi galibi gini suke biya, kuma shirinsu yana da ranar rufewa. Yashewar shekara-shekara kuwa tana kan majalisun yanki, Ayawaso East ga Nima, Ayawaso North ga Maamobi.

Kada kuma a ɗora wa matan unguwa laifin duka. Uwar da ke zaune a lungun da ko keken aboboya mai kwashe shara ba ya shiga, a ce ta biya kuɗin bola kullum daga cinikin koko, ina za ta kai shararta idan ruwa ya sauko da dare? Wa'azin tsafta ba ya isa sai an ajiye mata wurin zubarwa kusa, a farashin da za ta iya.

Roƙona ga sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne a zauna da ɗan majalisar unguwa tun a watan Maris, kafin ruwan Afrilu. A tambaye shi nawa aka ware wa yashe gota bana, wa aka ba aikin, kuma ina za a kai yashin da aka tono. Wannan tambaya ta ƙarshe a nace a kanta, domin idan aka tara yashin a bakin gota, ruwan farko zai mayar da shi ciki.