Iskar taya: darasi ga direbobi da masu shiga mota

A Yamai ƙananan motocin kat-kat sun yi yawa. Akwai irin su Toyota RAV4, wadda aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1994. Da yawa daga cikinsu sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin a kawo su Nijar. Ba cikin birni kaɗai suke yawo ba. Su ne ke kai ma'aikatan gona da na kiwon lafiya ƙauyuka. Su ne ke ɗauko marar lafiya ko mace mai naƙuda zuwa asibiti. Ran salla ko ran biki, da irinsu ɗan gari mai aiki a birni yake zuwa gida, cike da iyali da tsaraba.

Saboda haka lafiyar waɗannan motoci ta shafi mutumin birni, ta shafi na karkara. Darasin wannan wata a kan iskar taya yake.

1. Iska ce ke ɗauke da mota

Ƙaramar kat-kat, ba kowa a ciki, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya da rabi. Wato kamar buhun hatsi 15, kowane mai kilo 100. Duk wannan nauyi a kan taya huɗu yake. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu da kaɗan ba. Roba ba ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai. Iskar da ke ciki ce ke ɗauka.

Iska ba ta zama yadda aka sa ta. Ko taya ba ta da huda, tana raguwa kaɗan-kaɗan kowane wata. Ƙaya da ƙusa suna ƙara saurin raguwar.

2. Kuskuren da ake yi da bazara

A watan Afirilu zafin rana a Yamai yakan wuce digiri 40. Kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. A lokacin nan wasu direbobi sukan rage iska kafin su kama hanya. Suna cewa wai kada zafi ya fasa taya. Wannan babban kuskure ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ta fi saurin fashewa.

Ga dalili. In mutum ya ɗauki waya ta ƙarfe, ya yi ta lanƙwasa ta yana miƙewa, sai ta yi zafi, daga nan ta karye. Haka taya take. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yana lanƙwashewa duk juyin da ta yi. Daga Yamai zuwa Doso kimanin kilomita 140 ne. Zuwa Maraɗi ya wuce 600. A irin wannan tafiya taya tana juyawa sau dubbai. Zafi yana taruwa cikin roba, zaren da wayoyin da ke ciki su saki, taya ta fashe mota tana cikin gudu. Kat-kat kuma doguwa ce, ta fi gajeriyar mota saurin kifewa.

Ƙarancin iska yana jawo wata hasara. Mota tana shan mai fiye da kima. Taya tana cinyewa ta gefe biyu tun lokacinta bai yi ba. Sitiyari yana yin nauyi.

Iska in ta yi yawa, ita ma ba ta da kyau. Tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, shi ke fara cinyewa. Mota tana tsalle a hanyar jar ƙasa. In aka taka birki ba ta kama ƙasa sosai.

3. Iska nawa ya kamata a sa?

Ba a sa iska da ka. Masu ƙera mota sun rubuta adadin. In aka buɗe ƙofar direba, akwai ƴar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofa. A wasu motoci tana bayan murfin tankin mai. Nan aka rubuta iskar tayoyin gaba da ta na baya. Sau da yawa akwai layi na biyu, don ranar da aka cika mota da mutane da kaya.

Sunan awon iska “bar”. Galibin ƙananan kat-kat suna son tsakanin bar 2,2 da bar 2,5. Motocin da suka fito daga Amurka suna da wani awo mai suna “psi”, haka ma masu gyaran taya na Najeriya da shi suke aiki. Bar ɗaya ya yi daidai da psi 14 da rabi. Wato bar 2,2 kusan psi 32 ke nan.

Akwai wata lamba da aka rubuta a jikin taya kanta. Wannan iyakar abin da taya ke iya jurewa ce. Ba ita ake bi ba. Ta jikin ƙofa ake bi.

4. Yadda ake awo

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne. Tayar zamani takan rasa iska mai yawa, amma a ido kamar lafiya lau take. Shuri da ƙafa ko bugu da ƙarfe ba awo ba ne. Ma'aunin iska ɗan ƙaramin abu ne, yana shiga aljihu. Masu gyaran taya na bakin hanya da gidajen mai da yawa suna da shi.

Ga ƙa'idodin:

A auna da safe, tun taya tana da sanyi. Wato mota ta kwana, ko ta huta awa 3, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 zuwa 3 ba.

A auna sau ɗaya kowane wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

A auna duka tayoyi huɗu, har da ta biyar, wato ta ajiya. Tayar ajiya marar iska ba ta ceton kowa cikin daji.

In aka gama, a mayar da ɗan murfin bakin iska. Shi ke hana ƙura da yashi shiga.

In taya ta yi zafi, ma'auni yana nuna ƙari, kamar bar 0,2 ko 0,3. Wannan ba laifi ba ne. Direban da ya tsaya a Dogon Dutsi ko Ƙonni da tsakar rana, ya ga awo ya hau, kada ya saki iska. In ya saki, da taya ta huce za ta koma ƙasa da kima.

Da hunturu kuma, sanyin safiya yana sa awo ya sauka. A ƙara kula a watan Disamba da na Janairu.

5. Tafiya cikin rairayi

Wuri ɗaya ne ake rage iska da gangan: cikin rairayi mai zurfi. In aka rage, taya tana buɗewa kamar tafin raƙumi, mota ba ta nutsewa. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, a tafi sannu. Na biyu, da an fito kan kwalta ko hanya mai tauri, a mayar da iska yadda take. Direban da ke shiga irin wannan hanya ya riƙa tafiya da famfo cikin motarsa.

6. Fitila da shekarun taya

Wasu motoci suna da ƴar fitila rawaya gaban direba, mai kama da tukunya da alama a tsakiya. In ta kama, wata taya ta rasa iska. Amurka ta tilasta sa ta a sababbin motoci tun 2007, ƙasashen Tarayyar Turai tun 2014. Amma sai iska ta ragu da yawa take kamawa. A tsohuwar mota kuma takan lalace. Ba ta maye gurbin ma'auni.

Mai sayen tsohuwar taya ya duba shekarunta. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsattsage ko ta yi ƙulu a gefe, iska ba ta gyara ta. Sai a sauya.

Abin tunawa

Awon iska bai fi minti biyar ba, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Fasinja ma yana da hakkin tambayar direba ko ya auna tayoyinsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa taya marar isasshiyar iska take fashewa?
2. Ina aka rubuta adadin iskar da mota ke so?
3. Wane lokaci ya fi kyau a yi awo?
4. In direba ya fito daga rairayi, me zai fara yi?