Turanci Na Neman Hana Ni Shiga Jami'a

Tambaya: Malam, ina aji biyar a sakandare. Ina ƙoƙari a lissafi da kimiyya, amma idan aka ba mu labarin Turanci a ce mu amsa tambayoyi, sai kaina ya ɗaure. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, kin yi dabara da kika taso tun yanzu, domin ba jami'ar da za ta ɗauke ki sai da kiredit a Turanci, kamar na WAEC ko na NECO.

Ki nemi littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Kafin ki karanta labarin, fara duba tambayoyin da ke ƙasansa, ki san abin da kike nema. Sannan ki karanta sau biyu. In kin haɗu da kalmar da ba ki sani ba, kada ki ruga ga ƙamus. Jimlar da ke gabanta da ta bayanta sukan tona asirinta. Wurin taƙaitawa kuwa, nan ɗalibai ke zubar da maki, suna kwafe sakin layi sukutum. Mai duba takarda jimla gajera yake so, da kalmominki.

Nahawu ba ya zama da hadda. Ɗalibi zai rera ƙa'idar tsaf, ya zo rubutu ya ce "she go" maimakon "she goes". Kullum ki rubuta jimla biyar kan abin da kika yi, ki kai wa malaminki ya gyara. Kada ki ji kunyar jan biro, 'yata.