Harshe da Asali a Dallol Bosso

Dallol Bosso tsohon kwari ne da ya ratsa ƙasar Filinge, ya gangara kudu har kogin Kwara. Ruwansa yana kusa, rijiya ba ta zurfi, shi ya sa manomi da makiyayi suka haɗu a cikinsa. Bayan girbi Fulani kan sauke garke a gonaki. Shanu su ci kara su bar taki, mata kuma su yi musayar nono da gero.

Wannan cuɗanya ta bar alama a bakin mutane. A kasuwar Balleyara, ranar Lahadi, dillali ɗaya yakan ƙulla ciniki da Zabarmanci, Hausa da Fulatanci. Abzinawan Tagazar da na Imanan galibinsu Zabarmanci suke yi a gida, amma ba su saki asalinsu ba. Kurfayawan Filinge kuwa Hausa ce harshensu.

Darasi ga mai bincike shi ne ya raba tambayoyi biyu: asalin mutum, da harshen da yake yi wa ɗansa magana. Wanda ya gwama su zai zana taswirar harsuna mai kuskure, a kai wa yaro littafin koyon karatu cikin harshen da ba ya ji.